Da Wayar Gajere

Shafi na 31

Masu zagin Talha a ƙarƙashin shafin jiya, na karanta sharhinku duka. Ku ɗan sassauta mashi tukuna.

Wanda yau ya fara bin mu, ga inda aka kwana. Shaho ƙungiyar besbol ce ta wata kwaleji mai zaman kanta a Kankia, wasan nan da mutanen gari ke ce ma ƙwallon kulki. Sun je Ilorin gasar kwalejojin ƙasa, har suka kai wasan ƙarshe. Da safiyar wasan aka kore su, don wani ya tura ma masu gasar saƙo cewa Talha, babban mai jifansu, ba ɗalibi ba ne, wata takwas ke nan da kwaleji ta sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa. Yau kwana uku da dawowarsu.

* * *

Bishir ya kashe mashin a ƙofar gidan su Talha a Kusada, amma bai sauka ba. Ya daɗe zaune yana kallon zauren.

Shekara uku ya yi cikin gidan nan lokacin yana sakandare, shi ɗan Tafashiya da ba ya da kowa a garin. Ɗaki ɗaya da Talha, kwano ɗaya. Talha ne ma ya fara koya mashi riƙon ƙwallo da suka shiga kwaleji.

Da ƙyar ya yi sallama.

Inna Tani, mahaifiyar Talha, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago.

"Shigo mana. Yau kuma baƙo ka zama?"

Ya durƙusa nesa da ita.

"Ina kwana Inna."

"Lahiya lau Bishir. Ya gajiyar hanya? Ya mutanen Tafashiya?"

"Suna gaishe ki."

Ta aje rariyar, ta kakkaɓe hannu.

"Kwana uku ke nan. Cikin 'yan wasan nan ko mutum ɗaya bai tako gidan nan ba, in ka cire Gajere da ya zo jiya ya tsaya zaure. Da kau in an ci wasa cika mani tsakar gida suke, in dafa taliya tukunya biyu ba ta isa ba. Daman na ce ma Malam, ko duniya ta guji Talha Bishir zai zo."

Bishir ya duƙar da kai. Bai gaya mata ba cewa jiya sau biyu yana kamo hanyar Kusada yana juyawa.

"Malam fa?" ya tambaya, yana nufin mahaifin Talha.

"Yana ɗaki. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hedimasta, yana hora ɗiyan mutane kan ƙarya, yau ga tashi cikin gida. Sahun baya yake sallah yanzu, ana sallamewa ya taho kafin a fara gaisawa. Shi da ya bi majalisa yana faɗin bana ɗanshi zai ida karatu."

Ta tura mashi kwanon koko da ƙosai.

"Kai ma Talha. Tun jiya da rana bai sa komi bakinshi ba. In kai ne zai ci."

Bishir ya ɗauka ya nufi ɗakin Talha.

Talha na kwance ya ba ƙofa baya. Jakar tafiyar tana nan inda ya yar da ita, ko zugewa bai yi ba.

"Talha."

"Na ji muryarka tun daga zaure."

"Tashi ka ci abinci."

"Aje nan."

Ya aje, ya zauna bakin katifa. Can Talha ya juyo. Idanunshi sun faɗa, leɓenshi ya bushe.

"Ka san mi Baba ya ce mani?"

"A'a."

"Na zaci duka zai yi, ko ya kore ni. Wallahi da ya fi mani sauƙi. Kira na ya yi, ya ce, wata takwas ina kake zuwa kullum da safe? Na ce fili. Ya ce jakar da kake ratayawa fa, mi ke ciki? Na ce safar hannu da ƙwallo. Ya ce to."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Tun daga nan bai sake ce mani komi ba."

Bishir ya tura mashi kwanon.

"Zai huce."

"Ba fushi yake ba. Kunya yake ji. Fushi ake hucewa."

Talha ya tashi zaune, ya jingina da bango.

"Koci Dikko ma ga shi na ja mashi. Da tsohon katina na ɗalibi ya rubuta sunana, bai bincika ba don ya yarda da ni. Yanzu kwaleji na tambayarshi. Yara goma sha biyar, shekara biyu muna gudu cikin rana, mutane na mamu dariya wai muna wasan Turawa da kulki. Ranar da za mu rufe masu baki, ni na buɗe masu shi."

"Ba kai kaɗai ke da laifi ba."

"Wa kuma? Wanda ya tura saƙon? Gaskiya ya faɗa ai. Ban ƙullace shi kan wannan ba. Abu ɗaya ne ban gane ba. In don gaskiya ya yi, mi ya hana shi faɗa tun nan Kankia, kafin mu hau mota? Mi ya sa sai da muka kai bakin kofi?"

Bishir ya ƙura ma jakar tafiyar ido.

Masu karatu, ga abin da na riƙe maku tun shafi na ashirin da bakwai.

Bishir ne ya tura saƙon.

Wasa huɗu Shaho ta yi a Ilorin, Bishir bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Shi ne mai jifa na biyu, amma Talha ba ya gajiya, Koci kuma ba ya canja abin da ke ci. Ranar da suka ci wasan kusa da na ƙarshe, aka ce gobe masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallo. Kafaɗar Talha ta kumbura har ana ɗora mata ƙanƙara, Bishir ya sa rai. Sai Koci ya ce, gobe ma Talha ne.

Da la'asar ɗin nan Gajere ya bar wayarshi a caji ya fita wanke rigar wasa. Bishir ya ɗauka. Ya kwafi lambar da ke jikin takardar jadawalin gasa, ya rubuta saƙon, ya tura, ya goge.

A tunaninshi Talha kaɗai za a cire, shi ya shiga.

Bai san doka ta ce ƙungiyar duka ake kora ba.

"Bishir."

Ya zabura.

"Lahiya? Zufa kake yi."

"Ɗakin ne da zafi."

"Kai ma ka rame. Ka yi haƙuri. Kai kaɗai na gaya ma sirrina, na ɗora maka kaya wata takwas, ka riƙe mani. Ka yafe ni."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Bishir ya shige.

"Talha, akwai maganar da..."

Wayarshi ta yi ƙara. Koci Dikko.

"Kana ina?"

"Kusada, Malam."

"Talha na kusa?"

"Ga shi nan."

"Ka ɗauko shi ku taho fili yanzu. Kowa na nan. Na samu lambar da ta tura saƙon."

Ya kashe.

Talha ya ji komi. Ya jawo riga ya sa.

"Ba sai ka je ba," in ji Bishir. "Ba ka ci komi ba."

"Zan je. Ba don in yi faɗa ba. So nake in ga fuskarshi in tambaye shi abu ɗayan nan."

* * *

Suka kama hanyar Kankia bisa mashin. Talha na baya ya dafa kafaɗarshi kamar kullum, Bishir kau ji yake kamar garwashi aka aza mashi.

Filin na bayan kwaleji, fako ne da suka share da hannunsu. 'Yan ƙungiyar na tsaye ƙarƙashin darbejiya. Da suka ga Talha wasu suka kau da kai. Gajere ne kaɗai ya taho da sauri ya kama hannunshi.

Gajere shi ne mai cafe, wanda ke durƙusawa bayan mai kulki yana tare jifan Talha. Ɗan Yashe ne. Yatsanshi na tsakiya ya karye sau biyu cikin wasan nan har ya karkace.

"Ka ci abinci kau?" ya tambayi Talha.

"Na ci."

"Ƙarya kake."

Koci Dikko ya yi gyaran murya. Malami ne a kwalejin, shi ya kafa ƙungiyar. Fuskarshi ba annuri.

"Ku matso. Akwai wanda muka yi makaranta tare cikin mutanen gasar. Na roƙe shi, yau da safe ya turo mani hoton saƙon. Kafin in karanta, ina ba mai shi dama. In yana nan ya fito da kanshi, mu rufa ma juna asiri."

Bishir ya ce ma kanshi, yanzu. Ya sake cewa, yanzu. Bai motsa ba.

"To," in ji Koci.

Ya karanto lambar, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya ida, Zainu, kyaftin ɗin ƙungiyar, ya riga ya danna ta cikin wayarshi. Suna ya fito.

Ya ɗago a hankali ya dubi Gajere.

"Kai ne."

Gajere ya waiga bayanshi, ya zaci da wani ake.

"Ni wa?"

"Lambarka ce."

"Wace lamba tawa? Malam, sake karantawa."

Koci ya sake. Gajere ya bi da leɓe har ƙarshe. Fuskarshi ta canja.

"Tawa ce. Amma wallahi ban tura ba."

"Aljani ya tura?" in ji Zainu.

"Ban sani ba. Ku duba wayar, ga ta nan."

"Ka goge mana."

"Zainu, ni fa ko sanin an sallami Talha ban yi ba sai a ofishin mutanen nan, tare da ku na ji."

"Munafiki," wani ya faɗa daga baya.

"Shi ya fi kowa kuka a mota," in ji wani. "Ashe na ƙarya ne."

Gajere ya juya wurin Talha, ya ɗaga hannunshi mai karkataccen yatsa.

"Talha, dube ni. Shekara biyu ina tare maka ƙwallo da wannan hannun. Ni da manyana za su zo gidanku ranar Juma'a neman auren ƙanwarka Basira, ni zan tona maka asiri? In kunyata gidan da zan shiga?"

Talha kallon ƙasa yake.

"A kawo Alƙur'ani," in ji Gajere. "In yi alwala in dafa gabanku."

"Ba mu buƙata," in ji Zainu. Yana magana yana danna waya. "Aje mamu safarmu ka tafi. Na sa labarin saƙon da sunanka a guruf ɗinmu na waya, kowa ya san wa ya sayar da mu."

"Zainu, wa ya sa ka?" in ji Koci. "Cire shi."

"Ya riga ya tafi, Malam."

Gajere ya dudduba fuskoki yana neman ɗaya da za ta tsaya mashi. Idonshi ya sauka kan Bishir.

"Yauwa. Bishir, kai kana ɗakin ranar. Ka tuna da la'asar na bar wayar a caji na fita wanki? Gaya masu. Wa ka ga ya shigo?"

Duk suka juyo.

"Ban... ban lura ba."

"Ka tuna dai. Don Allah ka tuna."

"Barci nake."

Gajere ya daɗe yana kallonshi. Sai ya gyaɗa kai, ya buɗe jaka ya ciro safar hannun, ya aje gaban Koci a hankali kamar mai aje jariri. Hawaye na bin kumatunshi bai share ba.

"Allah ya gani," ya ce.

Ya juya zai tafi.

"Tsaya."

Talha ne. Shi ne karon farko da ya yi magana tun da aka karanto lambar.

"Malam, lamba kaɗai ka karanta. Karanta mani saƙon kanshi."

"Mi zai ƙara maka?"

"Don Allah."

Koci ya duba wayar ya karanta. Saƙon gajere ne. Sunan Talha, lambarshi ta ɗalibi, sannan, "An sallame shi ranar sha huɗu ga Fabrairu. Takardar na da sa hannu biyu, ɗaya da jan biro. Ku tambayi kwaleji."

Talha ya rufe ido.

"Sake karanta ƙarshen."

"Ɗaya da jan biro."

"Malam, a allon sanarwa lamba kaɗai aka liƙa, ba suna, ba rana. Takardar kau hannuna aka ba. Tana cikin rigar filona tun ranar. Ko Inna ba ta taɓa ganinta ba."

Ya buɗe idon. Bai dubi kowa ba.

"Mutum ɗaya na taɓa nuna mawa. Kuma ba Gajere ba ne."

"Wane ne?" in ji Zainu.

"Ba zan faɗa ba. Yana ji na. In akwai sauran abin da ya rage tsakanina da shi, ya faɗa da bakinshi."

Iska ta kaɗa ganyen darbejiya. Daga cikin kwaleji ana jin hayaniyar ɗalibai sun fito aji.

Bishir ya zube ƙasa bisa gwiwoyinshi.

"Ni ne."

Idanu suka dawo kanshi.

"Ni na ɗauki wayar Gajere. Ni na tura. Ni na goge."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Koci a hankali.

Zainu ya yo kanshi, Koci ya tare shi da hannu ɗaya.

"Kar ka taɓa shi."

Talha ya tako har gabanshi ya tsaya. Bishir takalmanshi kaɗai yake gani.

"Ɗazu a ɗaki na roƙe ka gafara. Ka bar ni na roƙe ka gafara, Bishir."

"Na so in gaya maka..."

"Na ce abu ɗaya zan tambayi mai saƙon. Mi ya sa sai can?"

Bishir ya kasa ɗago kai. Maganar ta fito a guntule.

"So nake in yi jifa. Ko sau ɗaya, gaban mutanen nan. Na zaci kai kaɗai za su cire."

"Ni kaɗai."

"Ban san za a kori kowa ba. Wallahi ban sani ba."

"To da ni kaɗai aka cire fa? Da ka yi jifanka, ka dawo da kofi, ka zo Kusada Inna ta dafa maka taliya?"

Talha ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ka san abin haushi? Daren ranar na ce ma Koci kafaɗata ba za ta kai ƙarshen wasa ba. Mun shirya in fara, kai ka ida."

Bishir ya ɗago da sauri ya dubi Koci.

Koci ya kau da kai.

"Haka ne," ya ce. "Da safe na yi niyyar gaya maka."

Bishir ya kifa goshi bisa ƙasa, kafaɗunshi na girgiza, sauti bai fita.

Gajere na tsaye inda yake. Bai ɗauki safarshi ba.

"Ni kuma fa?" ya ce. "Mi na yi maka da ka zaɓi tawa wayar?"

"Ita ce kusa."

"Ita ce kusa." Gajere ya maimaita. "Ɗazu na roƙe ka da Allah ka tuna, ka ce barci kake. Da Talha bai ce a karanta saƙon ba, haka za ka bar ni in tafi?"

Bishir ya so ya ce a'a. Ya san ƙarya ce. Ya yi shiru.

Shirun ya ishi kowa amsa.

Zainu ya matsa kusa da Gajere yana sosa ƙeya, ya kasa haɗa ido da shi.

"Gajere, ka yi haƙuri. Bari in goge abin nan, in rubuta gaskiya."

Ya buɗe waya. Hannunshi ya tsaya.

"Mutum nawa suka gani?" in ji Koci.

"Sun fi ɗari. An tura shi guruf ɗin matasan Kusada ma."

Daidai nan wayar Talha ta yi ƙara. Ya duba. Basira ce, ƙanwarshi. Ya ɗauka, kukanta har su suna ji.

"Yaya, kana ina?"

"Kankia. Mi ya faru?"

"Wani ya kawo ma Baba waya har ɗaki, ya nuna mashi wai Gajere ne ya tona ka."

"Ba shi ba ne. Ba Baba wayar yanzu."

"Ba ya nan. Ya bar tashi bisa tabarma."

"Ina ya tafi?"

"Ya sa babbar riga, ya sa Inna ta fito da duk kayan da su Gajere suka taɓa kawowa, an ɗaure bayan mashin. Ya ce da ƙafarshi zai je Yashe ya gaya ma baban Gajere gaban mutane kar wanda ya tako mashi gida ranar Juma'a."

Talha ya dubi Gajere.

"Yaushe ya fita?"

"Bai kai minti biyar ba."

Talha ya sauke wayar. Ya duƙa, ya kamo wuyan rigar Bishir ya miƙar da shi tsaye.

"Ta da mashin ɗin," ya ce. "Gaban iyayen nan biyu za ka sake faɗa."